Daga Daɓe zuwa Tayil: Koyar da Ɗaliban Zayyanar Gine-gine Aikin Ƙarasa Ɗaki da Ɗabi'un Mazauna a Gidaje Masu Tsimin Makamashi, Misali daga Riko ta Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani giɓi a koyar da zayyanar gine-gine a arewacin Nijeriya, wato yadda ake ɗaukar aikin ƙarasa ɗaki a matsayin kwalliya, ana raba shi da darasin zafi da makamashi. An ɗauki gidajen yankin Riko, a ƙaramar hukumar Jibiya da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar, a matsayin misali. Maƙalar ta kafa hujja cewa silin, yaɓe, daɓe, fenti da labule, tare da abin da mazauna ke yi da taga da ƙofa dare da rana, su ne ke yanke hukuncin ƙarshe kan ko gida zai yi tsimin makamashi. Tun da waɗannan abubuwa suna hannun birkila, 'yan jere da uwargida, an ba da shawarar yadda za a kai ɗalibi wurinsu tun yana makaranta.

1.0 Gabatarwa

Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, zuwa Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na lantarki zuwa naira 225 ga masu rukunin A, batun sanyaya ɗaki ya bar teburin masana ya shiga lissafin cefane. Tayar da janareta ya zama sai mai hali. A ƙauyukan bakin iyaka kuwa, inda wuta ba ta zama ko ba ta kai ba sam, ginin da kansa ne zai yi aikin da na'ura ke yi a birni.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ɗalibin zayyana yana fita makaranta ya san fuskar da gini zai kalla da girman taga, amma ba a koya masa bin ginin zuwa matakin da mutane za su tare a cikinsa ba. Da “aikin ƙarasa ɗaki” ana nufin duk abin da ake yi bayan an tayar da bango an ɗora rufi: silin, yaɓe ko filasta, daɓe ko tayil, fenti, ƙyauren taga da labule. Da “gida mai tsimin makamashi” kuma ana nufin gidan da mutum zai iya wuni ya kwana a cikinsa da ƙarancin buƙatar wuta, fetur, gawayi ko batir.

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin Magabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun tafi ta hanyoyin da ba su cika haɗuwa ba. Akwai waɗanda suka nazarci ginin Hausawa: Saad (1981) kan magina da yadda suke auna kyan gini, Moughtin (1985) kan tsarin gari da gida, da Dmochowski (1990) wanda ya bar zane-zanen awo na fadoji da masallatai da gidaje. Su ne suka adana mana bayanin tubali, azara, bakan gizo, daurin guga da laso. Amma hankalinsu ya fi tafiya ga fada da masallaci da zaure, wuraren da baƙo namiji ke iya shiga. Schwerdtfeger (1982) ne ya fi kusantar cikin gida, inda ya nuna a Zariya yadda ɗakuna ke ƙaruwa suna raguwa gwargwadon aure, haihuwa da mutuwa.

Sai masana gini da yanayi, irin su Fry da Drew (1964) da Koenigsberger da abokan aikinsa (1974), waɗanda littattafansu suka daɗe a hannun ɗalibanmu. Jadawalin Mahoney da ake koyarwa har gobe yana ba ƙasa mai zafi da bushewa shawarar bango mai kauri, ƙananan tagogi, tsakar gida, da wurin kwana a waje. A lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin za a dawo kansa a sashe na 6.1. Hassan Fathy na Masar (1973, 1986) ya ƙara da cewa ginin ƙasa na talaka yana da hikimar da injiniya ya kamata ya auna kafin ya raina.

A ɓangaren jin daɗin jiki, Fanger (1970) ya gina ma'auninsa a kan gwajin da aka yi wa mutane a ɗakin da na'ura ke sarrafa yanayinsa. Humphreys da Nicol, sannan de Dear da Brager (1998), suka nuna cewa mutumin da ke zaune a ginin da ba na'ura yana sabawa da yanayin garinsu, yana kuma taimakon kansa ta hanyar buɗe taga, sauya tufafi ko sauya wurin zama. Binciken PROBE da aka gudanar a Birtaniya daga 1995 zuwa 2002 ya koma cikin gine-ginen da aka riga aka tare, ya gano cewa da yawansu suna cin wuta fiye da abin da aka ƙiyasta a takarda. Janda (2011) ta ɗora a kan haka, ta ce mutane ne ke kashe makamashi, don haka wajibi ne mai zayyana ya ɗauki ilimantar da mazauna a matsayin aikinsa.

A gida Nijeriya, gwamnatin tarayya ta fitar da jagoran tsimin makamashi a gine-gine a 2016, ta bi shi da ƙa'ida a 2017. Ƙa'idar ta taɓa girman taga da inuwarta, shimfiɗar tare zafi a rufi, ƙarfin fitilu da ingancin na'urar sanyaya ɗaki. Mataki ne mai kyau, sai dai ya tsaya ga ginin da ke bi ta ofishin ba da izini. Gidan ƙauye ba ya bi ta can.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar bitar rubuce-rubucen da aka ambata, aka gwada abin da suka ce da nau'o'in gidaje biyu da aka fi gani a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya zuwa Maraɗi: soron ƙasa mai rufin azara, da ginin bulo mai rufin kwano. Kowane sashe na ɗaki an dube shi ta fuskar yadda yake karɓar zafi, riƙe shi ko sakinsa, sannan aka tambayi wane ne ke yanke shawara a kansa. Alƙaluman wat da ke sashe na 5.1 da 6.3 lissafin misali ne da aka gina kan ƙarfin kayan wuta da aka saba sayarwa a kasuwa, kuma kowane malami zai iya maimaita shi da ɗalibansa a kan allo.

4.0 Riko da Yanayinta

Riko ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya a jihar Katsina. Jibiya tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kuma ta Magama ake tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. A Afrilu da Mayu zafin rana kan kai digiri 40 ko ya wuce, a Disamba da Janairu kuma dare kan sauko ƙasa da 15 tare da ƙurar hunturu. Ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, amma yakan zo da ƙarfi: ambaliyar Yulin 2018 a garin Jibiya ta kashe fiye da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Wanda ya ga irin wannan ɓarna ba za a zarge shi ba in ya fifita bulo da siminti a kan tubali, kuma duk koyarwar da ta ɗauki wannan zaɓi a matsayin jahilci ta fara da ƙafar hagu.

Abu biyu a yanayin nan suna da muhimmanci ga mai zayyana. Na farko, a ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka da azahar, wato a tsakiyar bazara rufi ne ke ɗaukar mafi yawan dukan rana, sai bangon gabas da na yamma. Na biyu, a watannin rani akwai tazara mai faɗi tsakanin zafin rana da sanyin asuba. Wannan tazara ita ce jarin ginin da ba shi da na'ura, in an san yadda za a shigo da sanyin dare a ajiye shi.

5.0 Aikin Ƙarasa Ɗaki a Matsayin Sha'anin Zafi

5.1 Rufi da silin

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3.5, wato murabba'in mita 14. Da azahar a bazara, hasken rana da ke sauka kan kowane murabba'in mita yana kusantar wat 1,000, don haka rufin wannan ɗaki yana karɓar abin da ya kai wat 13,000 zuwa 14,000. Fankar sama tana cin wat 70 ko kusa da haka, kuma ba ta rage zafin ɗaki, iska kawai take kaɗawa a jiki. Kwano ba shi da kaurin da zai jinkirta komai. Yakan haura digiri 60, ya riƙa feso hucinsa ƙasa kan silin, silin kuma ya miƙa wa na cikin ɗaki.

A nan ne zaɓin silin ya zama sha'anin lafiya. Silin roba, silin-bod da POP duk sirara ne, ba ɗayansu da ke tare zafi sosai shi kaɗai. Abin da ke kawo bambanci yana ɓoye a samansu: ko an bar kafofin da iska mai zafi za ta fita daga tsakanin kwano da silin, ko an shimfiɗa takardar alminiyum mai mayar da huci a ƙarƙashin kwano, ko an ɗora wani abu mai tare zafi a bayan silin. Abin da ya zama yayi a yanzu shi ne a ɗaga bango ya ɓoye kwano, a toshe kowace kafa saboda ƙura da jemage da iskar damina mai yaye rufi. Dalilan gaskiya ne, amma sakamakonsu shi ne akwatin zafi a saman kan mutane. Raga mai ƙananan idanu a bakin kafa tana hana jemage ta bar iska ta wuce, kuma kuɗinta bai kai na adon fulawar POP ɗaya ba.

Soron azara ya warware wannan matsala da nauyin ƙasa, amma giginyar da ake tsaga azara daga jikinta ta yi ƙaranci. Wannan ƙarancin itace ne ya haifar da shirin gini ba katako a Nijar tun shekarun 1980, inda ake rufe ɗaki da baka da tulluwar tubali zalla. A Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya ɗaga kwano sama da silin na tubali a makarantar Gando (2001), iska na ratsa tsakaninsu. Duka biyun darasi ne ga mai gini a Riko.

5.2 Bango: yaɓe, filasta da fenti

Bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 zuwa 50 yana jinkirta zafin rana na awa goma ko fiye kafin ya iso ciki. Bulo mai rami na inci shida ba ya yin rabin haka. Amma abin da ba a cika jaddada wa ɗalibi ba shi ne, ta fuskar cikin ɗaki, kusan santimita 10 na farko na bango su ne ke musayar zafi da iskar ɗaki a kowace rana. Duk abin da aka lulluɓe wannan fuska da shi, shi ke iko da ita. Allon roba da ake mannawa a bango, ko labulen da ya zagaye ɗaki daga silin har ƙasa, yana raba bango da iska, sai kaurin da aka kashe kuɗi a kansa ya tashi a banza.

Magina na da sun san cewa ƙasa tana numfashi. Makuba, da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, tana ƙarfafa yaɓe ba tare da ta toshe shi ba. Laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, yana kare rufi da bangon waje daga ruwa. A ciki kuwa farar ƙasa ake shafawa. Filastar siminti a kan tubali ba ta bin wannan ƙa'ida: laima na taruwa a bayanta, ƙasa na laushi, bayan 'yan damuna filastar ta ɓanɓare falle guda ta tafi da fuskar bango. Fentin mai, mai sheƙi, shi ma yana kulle laima. Idan ɗalibi bai taɓa ƙwanƙwasa irin wannan bango ya ji ƙarar ramin da ke bayan filasta ba, zai rubuta “filastar siminti da fenti” a jadawalinsa ga kowane bango, kamar yadda ya gani a zanen waɗanda suka gabace shi.

Launi ma lissafi ne. Farin bango yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuwa ba ya kai kashi 20. Ƙaramar taga a farin ɗaki ta isa a yi ɗinki ko karatu da rana.

5.3 Daɓe

Daɓe aikin mata ne tun asali. Su ke baza tsakuwa da ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi. Ɗakin da aka daɓe yana haɗe da sanyin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa mai neman sauƙin zafi ke shimfiɗa tabarma a ƙasa ya bar gado. Siminti da tayil suna riƙe wannan amfani, tayil ma ya fi sauƙin wankewa. Kafet mai kauri daga bango zuwa bango shi ne ke yanke shi, ga tara ƙura. A hunturu kuwa lissafin yana juyawa, tayil ya zama abin gudu ga tsofaffi da yara. Shimfiɗar da ake naɗewa a bazara a baza a hunturu ta fi dacewa da Jibiya a kan wadda aka manne da gam.

5.4 Taga

Tagar gilashi mai zamiya ta kori ƙyauren katako da na ƙarfe a sababbin gidaje. Rabinta kaɗai ke buɗuwa, kuma gilashin da rana ke duka yana shigo da zafi ya hana shi fita. Labule yana cikin ɗaki, don haka sai zafi ya riga ya shigo yake tarar da shi. Inuwar da ke waje, ko ta rumfa ce, ko asabari, ko bishiyar darbejiya a yamma da ɗaki, ita ce ke tare shi tun bai shigo ba.

6.0 Hannun Mazauna

6.1 Iskar dare da tsaro

Gini mai kauri yana aiki ne bisa sharaɗi: a rufe shi da rana, a buɗe shi da dare ya saki zafin da ya tara. Gidan Bahaushe ya cika wannan sharaɗi ba tare da an rubuta ba. Da hantsi ana rumfa, da azahar ana cikin soro, bayan isha'i kuma a bazara kowa ya fito da tabarma tsakar gida, ƙofofin ɗakuna a buɗe har asuba. Wannan ne wurin kwana a waje da jadawalin Mahoney ya ambata.

Shekarun hare-haren 'yan bindiga da satar mutane a yankin Jibiya sun taɓa wannan tsari a gindinsa. Iyalin da ke tsoron dare ba za su kwana a fili ba, ba kuma za su bar taga a buɗe ba. Gidan da ya karɓi 'yan'uwa da suka baro ƙauyensu yana kwana da mutane fiye da yadda aka gina shi domin su, kuma jikin kowane baligi a kwance yana fitar da zafi kusan wat 80 zuwa 100. Mutum shida a rufaffen ɗaki sun kai wat 500, a kan zafin da bango ke saki a daidai wannan lokaci. A irin wannan hali, bango mai kauri da littafi ya yaba yana iya sa dare ya fi tsanani. Ga sauro a damina, ga ƙura a hunturu, ga kunya da ke hana a bar tagar ɗakin matar aure a buɗe ta fuskar hanya.

Bai dace mai zayyana ya kira wannan “rashin iya amfani da gini” ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin ɗalibi shi ne ya zayyana kafar iskar da mutum zai yarda ya bari a buɗe yana barci: ƙanana, a sama kusa da silin inda iska mai zafi ke taruwa, da ƙarfe da raga, wasu kuma a ƙasa ta fuskar tsakar gida, kowacce da marfin da za a rufe a hunturu. Waɗannan kafofi suna da wani amfanin da ya fi sanyaya ɗaki muhimmanci. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, da janaretan da ake shigarwa shigifa don gudun ɓarawo, duka suna fitar da iskar guba marar launi marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

6.2 Jere

A takarda, mai zayyana ne ke zaɓar kayan ƙarasa ɗaki. A ƙasar Hausa, namiji ne ke gina ɗaki, dangin amarya ne ke cika shi. Ranar jere, gwaggo da inna da yayyen amarya su ke shigowa da gado, katifa, kujeru, durowa, leda ko kafet da labule, su ke kuma cewa ga inda kowanne zai zauna. Babbar durowa takan samu wuri a jikin bangon da taga take, domin nan ne ba ƙofa. Labule mai nauyi ninki biyu alama ce ta cewa an yi wa yarinya gata. Cikin wuni ɗaya ɗakin da aka zayyana don iska ta ratsa ya koma mai kafa ɗaya, mai duhun da sai an kunna fitila da rana.

Wannan al'ada ba abin yaƙa ba ce, ita ce ke ba mace dukiyar da take tata a gidan miji. Abin da ake buƙata shi ne ɗalibi ya san girman kayan ɗakin da ake sayarwa a Jibiya da Katsina a yau, ya bar musu cikakken bango ɗaya marar taga, ya ɗaga tagogi sama da tsayin kan gado. Kafin ranar jere ma an riga an yanke wasu shawarwarin a bakin aiki, inda birkila zai ce, “Alhaji, a toshe saman nan ko a bari?” maigida ya ce a toshe. Mai zayyana ba ya wurin, kuma a yawancin gidajen karkara ba a taɓa kiransa ba.

6.3 Lissafin batir

Sola ta shiga gidaje da yawa, kuma a nan ne tasirin silin da fenti ke fitowa da lamba. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in na dalma ne rabin wannan ake so a ja don ya yi ƙarko, wato 1,200. Fanka mai wat 70 ta awa 10 ta cinye 700. Ƙwai huɗu masu wat 9 na awa 5 sun ci 180. Talabijin mai wat 60 ta awa 4 ta ci 240. Jimilla 1,120, saura 80. Idan ɗaki ya yi zafin da sai an kunna fanka ta biyu, ko duhun da sai an bar fitila tun safe, batir zai mutu kafin asuba, ya kuma lalace kafin lokacinsa. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,000 ta awa 8 tana buƙatar yunit 8, kusan ninki bakwai na abin da wannan batir zai bayar.

7.0 Abin da Wannan ke Nufi ga Koyarwa

Koyar da zayyana a arewa ya daɗe. Sashen da ke Jami'ar Ahmadu Bello ya samo asali ne daga kwalejin da ta gabaci jami'ar a Zariya tun shekarun 1950, ga kuma Jami'ar Bayero da kwalejojin fasaha irin su Hassan Usman Katsina. Abin da aka gada shi ne darasin kayan gini daban, na yanayi daban, ɗakin zayyana kuma yana ba da maki kan zanen ginin da ba kowa a cikinsa. Manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A cikin wannan kaso ne ake ba da shawarwarin da ke tafe.

7.1 Jadawalin ƙarasa ɗaki da ɗalibi ke miƙawa ya daina zama jerin sunayen kaya. A gaban kowane abu ya rubuta yadda yake mayar da haske, ko yana barin bango ya yi musayar zafi, ko laima na ratsa shi, nawa ne kuɗinsa a kasuwar Jibiya, da wanda zai gyara shi in ya lalace. A ba wannan jadawali maki daidai da zanen fuskar gini.

7.2 Kowane sashe ya gina ƙananan ɗakunan gwaji a harabarsa, girmansu ɗaya, bambancinsu silin da yaɓe da kafar iska. Ɗalibai su gina da hannunsu ƙarƙashin magina, masu POP da matan da suka iya daɓe, a biya waɗannan a matsayin masu koyarwa. A auna zafin ɗakunan a Afrilu, Agusta da Disamba.

7.3 Mafi muhimmanci shi ne bibiyar gini bayan tarewa. Ɗalibi ya sanya ma'aunin zafi mai ajiye bayani a ɗakin da ake kwana, ya rubuta lokacin da aka buɗe taga da lokacin da aka rufe, inda aka wuni, inda aka kwana, da dalilin da mazauna suka bayar da bakinsu. Gidajen “ba shiga” ne, don haka wannan aiki ba zai yiwu ba sai da ɗalibai mata, da izinin maigida da sanin mai unguwa. Wannan kaɗai hujja ce ta ƙara yawan mata a sassan zayyana. Inda tsaro bai ba da damar kai ayari ba, ɗaliban da suka fito daga Riko, Bugaje, Gurbin Baure da makamantansu za su iya auna gidajen iyayensu a lokacin hutu, kuma bayanin da za su kawo ya fi na baƙon da ya yi wuni ɗaya.

7.4 A tsallaka iyaka. Gidajen Niamey 2000 da aka kammala a 2016, da cibiyar Hikma ta Dandaji a Nijar (2018) wadda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zayyana, an gina su da tubalin da aka matse da inji, kuma mutane na amfani da su shekara da shekaru. Yanayin Maraɗi da na Jibiya ɗaya ne, harshe ɗaya ne, don haka haɗin gwiwa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi abu ne mai yiwuwa.

7.5 Kowane aikin ƙarshe ya zo da takarda mai shafi ɗaya da Hausa, a boko da ajami, wadda aka rubuta wa uwargida: wace kafa za a buɗe bayan magariba, wacce za a rufe da hantsi, wane bango aka bar wa durowa, ina ne ba a kunna gawayi. Ɗalibin da ya kasa rubuta wannan shafi bai gama fahimtar ginin da ya zana ba.

Ana kira ga shugabannin sassan zayyana na Zariya, Kano da Katsina, da hukumar ARCON mai tantance su, da su sanya bibiyar gini bayan tarewa cikin sharuɗɗan kammala karatu. Kada a ba ɗalibi shaidar cin darasin gini da yanayi sai ya kawo awon zafin ɗaki ɗaya da mutane suka kwana a cikinsa a watan Afrilu, tare da bayanin abin da zai canza a silin, bango da tagar wannan ɗaki.